Ɗari Uku da Sha Uku

Na Allah ne mu, kuma can za mu koma. Baba ya rasu ranar Alhamis bayan la'asar, a tsakiyar bazara, a ɗakinsa da ke gidanmu na Kankia, aka kai shi kafin magariba. Yau kwana arba'in ke nan. Na ɗauki guntun fensir ɗinsa da ragowar wani littafin awo da bai cika ba, na ce bari in rubuta abin da na sani, tun da shi ya koya mini rubutun, kuma na ga mutane sun fara ƙara gishiri a labarinsa tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba.

Jama'a ta zo, wallahi ta zo. Ban taɓa zaton mutumin da ya ƙare rabin rayuwarsa yana leƙen akwati zai tara mutane haka ba. Goggo, ƙanwarsu Baba, tun daga ƙofar gida ta ɗora hannu a ka tana cewa shi ke nan, ruwan sama ya ƙare a ƙasar nan. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ɗauki maganar da gaske, don ita har gobe ta yarda Baba ne ke kiran ruwa da gwangwaninsa na awo. Matan Fulani sun zo daga Kaikai, su huɗu, suka zauna a gindin rumbu, sai ɗaya ta ajiye ƙwaryar nono a gaban Inna, an naɗe ƙwaryar da jiƙaƙƙen tsumma. Inna kuwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da kawai ta yi, da rana ta karkata sai ta ɗaga kai ta dubi inuwar katanga ta ce, "Uku ta yi," sannan ta tuna babu wanda za ta faɗa wa.

Amma duk wanda ya shigo cikin gida, bayan ya yi gaisuwa, abu ɗaya yake raɗawa.

"Wai da gaske Baffan Mawashi ne na gani a zaure?"

"Shi ne."

"Shi ke karɓar gaisuwa?"

"Shi fa."

"Ikon Allah!"

Dole su yi mamaki. Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma surukina ne, don ɗansa nake aure a Mawashi. Shekara tara cur mutanen nan biyu ba su zauna a tabarma ɗaya ba. Ni ce a tsakiya duk shekarun nan, kuma abin da na fi tsoro a rayuwata shi ne ɗayansu ya mutu a haka. Zan zo kan wannan. Bari in fara faɗin wane ne Baba.

Malamin awo ne a ofishin gona. A bayan ofishin akwai wani farin akwatin katako mai ƙafa huɗu, jikinsa duk tagogi kamar akurkin kaji, a ciki akwai kwalabe sirara masu zaiba da ke hawa da sauka gwargwadon zafin gari. A gefe kuma ga gwangwanin awon ruwan sama a binne rabi. Aikinsa ke nan: ƙarfe tara na safe da ƙarfe uku na rana ya buɗe akwatin, ya karanta, ya rubuta, ya rufe. Ranar Sallah ma daga idi can yake wucewa da babbar rigarsa. Ranar da aka haifi ƙanena, ungozoma na kiransa ya zo ya ga ɗa, ya ce a yi masa haƙuri saura minti goma tara ta yi. Inna ba ta manta masa wannan ba, duk lokacin da suka yi 'yar cacar baki sai ta tono shi.

Mutane na ce masa Malamin Ruwa. Da ruwan farko ya sauka, manoma za su tare shi a hanya, su riƙe kan kekensa.

"Malam, a shuka?"

"Rabin inci ne. Ku dakata, yaudara ce."

Ko kuma ya ce, "Ya haura inci, ku tafi gona." Bai taɓa cewa ya san gobe ba. Idan aka matsa masa sai ya ce shi abin da ya riga ya sauka yake aunawa, wanda bai sauko ba yana hannun Mai shi.

Yana da wata tambaya da ta ishi kowa a gidanmu. Ka ce masa yau ana zafi, sai ya ce, "Da wane ma'auni?" Ka ce kunun nan ya huce, "Da wane ma'auni?" Wata rana Inna ta ƙule ta ce masa, "Da ma'aunin harshena, Malam, sha ko ka bari." Ya sha, yana dariya har yana ƙwarewa.

Asalin tambayar daga wurin aiki ne. Ma'auni biyu yake fama da su. Kwalaben akwatinsa da Baturen gona duk da ma'aunin Ingila suke aiki, wanda ake ce wa Faranhait. A wannan ma'aunin jikin mai lafiya casa'in da takwas ne da ɗan ɗori, ruwa kuma yana tafasa a ɗari biyu da sha biyu. To amma masu awon iska na filin jirgin sama, da suke aiko wa ofishin takarda duk wata, su da wani ma'auni suke rubutu, na masana, wanda Baba ke kira ma'aunin tushe. Baturen gona ba ya son ganinsa, sai ya tura wa Baba takardar ya ce a juya masa ita zuwa abin da ya sani.

Ina 'yar shekara goma Baba ya zaunar da ni a tsakar gida ya bayyana mini. Ya ce ma'aunin tushe ba ya fara ƙirga daga sanyin da muka sani, yana farawa ne daga can ƙarshen sanyi, inda babu wani sanyi a bayansa, shi ya sa lambobinsa ke da girma. Ya ce kamar a auna tsawon mutum ne tun daga gindin rijiya alhali yana tsaye a bakinta: za a ce ya yi gaba ashirin, amma mutumin bai ƙaru da komai ba. Sai ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa.

"Ɗebe ɗari biyu da saba'in da uku. Abin da ya rage, sau tara. Raba biyar. Ƙara talatin da biyu. Maimaita, Uwata."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Baffa ma haka yake kirana. Na maimaita har na haddace, ina daka ina rera shi. Ɗari uku a ma'aunin tushe, in ka ɗebe saura ashirin da bakwai, in ka bi sauran matakan sai ka tarar tamanin ne da ɗan ɗori, wato safiyar damina mai daɗi. Na yi ta mamakin yadda lamba mai ban tsoro haka za ta koma abin da mutum zai zauna a ciki yana shan fura.

Daga nan maganar ta shiga gidanmu ta zauna. Duk wanda ya zo da labari mai kumfa, Baba zai saurara har ya gama, sannan ya ce, "To, a ɗebe ɗari biyu da saba'in da uku tukuna." Goggo ce ta fi shan wannan, don ita ba ta iya ba da labari yadda yake ba. In ta ga maciji, ya kai tsawon igiyar guga. In ta je biki, duk ƙasar Kusada ta hallara. Tana rufe baki Baba zai ce a ɗebe, ita kuma ta ce, "Kai dai Yaya, wata rana sai ka ɗebe ni gaba ɗaya."

Ƙwaryar nan mai jiƙaƙƙen tsumma ma tana da labari. Bafulatanar da ta kawo ta, shekarun baya ta zauna a ƙofar gidanmu tana share hawaye, don kafin ta iso daga Kaikai da bazara man shanunta ya narke, nonon ya yi tsamin da ba mai so. Baba ya tsaya da kekensa ya tambayi dalili. A akwatinsa akwai kwalba biyu a jere, ɗaya an naɗe mata gindi da jiƙaƙƙen ƙyalle, kuma kullum ita ce ke nuna sanyi fiye da 'yar'uwarta. Ya shiga gida ya yago gefen tsohon rawaninsa, ya jiƙa, ya naɗe mata ƙwarya, ya ce ta riƙa yayyafa ruwa a hanya, iska za ta yi sauran aikin. Tun daga ranar matan rugarsu haka suke zuwa kasuwa. Inna ta yi faɗan rawanin kwana biyu.

To, ga abin da ya raba shi da Baffa.

Shekarar da na yi haihuwar fari a Mawashi ne, a bakin damina. Baba ya aiko da kayan barka, sabulu da kanwa da turmin atamfa, ya naɗe sabulun a wata tsohuwar takardar ofis da aka gama da ita. Lokacin Baffa bai daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, wata uku ke nan, ya iya lambobi, ya iya haɗa baƙi, kuma yana ji da abin ƙwarai. Duk takardar da ya gani sai ya karanta. Ya warware wannan, ya gane irin ta awon zafi ce don ya sha ganinta a hannun ƙanensa. Ya bi layi da yatsa har ya ga sunan Kankia. A gabansa an rubuta ɗari uku da sha uku.

Baffa ba wawa ba ne, kada wani ya ce haka a gabana. Lissafi ya yi da abin da ya ji daga bakin Baba. Jikin mutum casa'in da takwas. Bazara mai tsanani ɗari da 'yan kai. Ruwa na tafasa a ɗari biyu da sha biyu. To ɗari uku da sha uku fa? Ba a taɓa yin irinsa ba, ke nan tafe yake. Kuma me zai sa ƙanensa ya zaɓi wannan takardar ya naɗe sabulu da ita? Sai ya ƙudurta a ransa cewa Turawa sun hango bala'i sun ɓoye, Baba kuma ba shi da ikon faɗa da baki, shi ne ya aiko wa yayansa saƙo a asirce don ya ceci mutane.

Ya kai wa liman. Liman ya ji lambar, ya ce ai wannan adadin mutanen Badar ne, ba a banza ta zo ba. Shi ke nan magana ta ƙare. Kafin kwana biyu ta kai garin Ƙofa, ta kai Kaikai. Baffa ya bi gida gida yana cewa kada kowa ya zuba irinsa a ƙasa, rana za ta ƙone shi, gara a ajiye a ci. Ya sa aka fara yashe rijiya. Fulani suka fara shawarar kora shanu kudu. A cikin haka ruwan shuka ya sauka, mai kyau, har ƙasa ta yi laushi gwiwa guda, amma ko mutum ɗaya bai fita da sungumi ba.

Ranar suna Baba ya taso da sassafe a keke. Ya ce tun daga hanya ya ga abin da bai gane ba: ƙasa jiƙe, gonaki a share, babu sawun shuka ko ɗaya. Ya iso ana raba goro a ƙofar gida. Ni ina ɗaki, amma zana ce kawai tsakanina da su, komai a kunnena aka yi. Bayan an yi addu'a an raɗa suna, na ji Baba ya ce, "Jama'a, lafiya ba ku yi shuka ba?"

Sai Baffa ya ce da murya ƙasa ƙasa, irin ta wanda ke rufa wa wani asiri, "Saƙonka ya iso. Mun gane."

"Wane saƙo, Yaya?"

Na ji ƙarar takarda. Sai kuma dariya. Wayyo, dariyar nan! Na san dariyar Baba, in ta kama shi ba ya iya tsayar da ita, maigidana ya ce har hularsa ta faɗi. Da ya samu numfashi sai ya ce a ba shi tsinke, ya durƙusa a gaban dattawan gari yana zane yana faɗa da ƙarfi.

"Ɗari uku da sha uku. Ɗebe ɗari biyu da saba'in da uku, saura arba'in. Sau tara, ɗari uku da sittin. Raba biyar, saba'in da biyu. Ƙara talatin da biyu. Ɗari da huɗu! Wanga fa zafin bazarar bara ne. Kun sha shi, kun yi fifita, kun wuce, ga ku zaune kuna cin goro."

Da ya tsaya nan, da an yi dariya an tashi. Amma bai tsaya ba. Ya ce, "Haba Yaya, da ka tambaye ni. Karatun wata uku ai bai isa mutum ya tara gari ba."

Ina riƙe da jariri na ji maganar sarai. Mutane suka fashe da dariya, har waɗanda jiya suka fi kowa tsorata. A cikin hayaniyar na ji muryar Baffa, ba da faɗa ba.

"Na ɗauka ni ka aiko wa."

Ya tashi, ya shiga gida, ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri, ya wuce gona. Ranar sunan jikansa, bai ci naman ragon ba. Kafin azahar duk gari ya bi shi, aka yi shuka, kuma Allah ya rufa asiri shekarar ta yi kyau, gero ya yi, dawa ta yi. Ba a yi asarar komai ba sai abu ɗaya. Tun daga ranar aka laƙaba wa Baffa suna Ɗari Uku. A kasuwa, a masallaci, a wurin biki, mutumin da ake kira raba gardama ya koma in ya buɗe baki sai wani ya ce, "Da wane ma'auni?"

Baffa ya san addini, ya san ba a gaba fiye da kwana uku. Don haka bai yi gaba ba, a cewarsa. In Baba ya yi sallama zai amsa, cikakkiya. Zai sa a kawo ruwa. Sannan ya tuna yana da aiki a gona. Sau nawa Baba ya tako keke har Mawashi ya koma da amsar sallama kawai? Na daina ƙirgawa. Ya aiko da hula, aka ba maigidana. Ya aiko da dattawa, Baffa ya ce musu shi ba abin da ke tsakaninsa da ƙanensa, lafiya lau. Ya za ka sasanta mutumin da ya ce ba a yi komai ba?

Ni kuwa na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Baffa bai taɓa canza mini fuska ba, kullum "Uwata, an tashi lafiya?" Amma in zan je Kankia ba ya cewa in gaida kowa, in na dawo ba ya tambaya. Yarana suka taso suna da kaka biyu da ba su taɓa gani a wuri ɗaya ba. Wani lokaci haushi ya kama ni in ce a raina, tsofaffi biyu da furfura, a kan takardar sabulu! Wani lokaci kuma in ji ana janaza a wani gari, gabana ya faɗi, in ce yau da ɗayansu ne fa?

Na taɓa yi wa Baba maganar, da zafi ma, don ni ba na iya tauna magana. Na ce, "Baba, kai ma ka san ba ka kyauta ba." Ina jira ya ce a ɗebe. Bai ce ba. Ya daɗe yana juya fensir a hannu.

"Lissafin daidai ne, Uwata," ya ce. "Ko yau aka ba ni haka zan yi shi. Amma a zaure ya kamata in yi, mu biyu, in bar shi ya fito ya faɗa wa mutane da bakinsa. Shi fa don ya yarda da ni ya yi abin da ya yi."

Tun daga lokacin na lura ya daina dariya in wani ya yi kuskuren karatu. Masu koyon aiki a ofis sun ce in ɗayansu ya karanta kwalba ba daidai ba, sai Baba ya ja shi bayan akwati, inda ba mai ji.

Bana da bazara ta tsananta, aka aiko Mawashi cewa zazzaɓi ya kwantar da Baba kwana biyar, har bai je awo ba. Da na ji bai je awo ba na san abin ya kai. Na haɗa kayana. Kafin in fita na je ƙofar turakar Baffa na durƙusa. Yana zaune yana tufka igiya. Surukar kirki ba ta yin abin da na yi, amma na yi.

"Baffa, yau ba matar ɗanka ce a gabanka ba. Kai ka ce ni uwarka ce. To uwarku ta ce ƙanenka na kwance."

Hannunsa ya tsaya. Na ce a raina yau kam an gama. Sai ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya ci gaba da tufka.

Na tashi cike da haushi. Har muka isa Kankia ban yi wa maigidana magana ba, kamar shi ya yi mini laifin.

Na tarar da Baba ya rame, idonsa ya faɗa, amma hankalinsa garau. Bai tambaye ni Baffa ba. Sai dai duk lokacin da aka yi sallama a zaure sai ya juya kai wajen ƙofa, in ya ji muryar sai ya mayar. Kwana biyu ina kallon wannan, kuma ya fi mini ciwon kansa zafi.

Ranar Alhamis bayan azahar malamin asibiti ya zo. Ya girgiza 'yar kwalbarsa ta awon zafin jiki ya sa wa Baba a baki. Muna jira, ni da Inna da Goggo, sai muka ji kukan jaki a waje, sannan sallama. Ban yarda da kunnena ba. Inna ta ja mayafi. Labule ya ɗaga, ga Baffa, ƙafafunsa fari fat da ƙasar hanya, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba bai koma ba. Malamin asibiti, da bai san komai ba, ya zare kwalbar ya ɗaga ta wajen haske.

"Ɗari da huɗu," ya ce.

"Nawa ka ce?" in ji Baffa.

"Ɗari da huɗu. Ya yi yawa."

Baffa ya gyara tsayuwa, ya dubi ƙanensa a karo na farko cikin shekara tara.

"Ɗari uku da sha uku ke nan."

Baba ya buɗe ido. Na ga kafaɗunsa sun fara motsi, na ɗauka tari ne, ashe dariya ce, 'yar ƙarama, iya ƙarfin da ya rage masa.

"Gaskiyarka, Yaya," ya ce. "Ya zo."

"Ai na faɗa maku. Kuka yi mani dariya."

"Ka faɗa. Sai dai gida ɗaya ya sauka."

Baffa ya tako ya zauna a bakin gado, ya karɓi mafici daga hannuna ba tare da ya dube ni ba, ya fara yi masa fifita. Baba ya lalubo hannunsa.

"Yaya, ka yafe mani."

"Na yafe tun shekarar, kafin a yi girbi. Bakin ne ya yi nauyi. Kai ma ka yafe mani."

Goggo ta fashe da kuka, Inna ta ja ta suka fita, malamin asibiti ya bi su yana waiwaye. Ni na zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ba wanda ya kore ni. Sun yi hira kamar jiya suka rabu. Sun yi maganar wata tsamiya da ke gonar ubansu, da wani jaki da ya taɓa kayar da su su biyu. Baba ya ce liman ma bai yi ƙarya ba, adadin mutanen Badar ne, ba mugun adadi ba ne mutum ya tafi a kansa. Baffa ya ce ya bar wannan maganar. Da inuwa ta kai inda take kaiwa Baba ya ce, "Uku ta yi," Baffa ya ce, "Akwai masu dubawa, kwanta." Ya kwanta. Bayan la'asar numfashinsa ya canza, Baffa ya sunkuya yana karanta masa kalmar shahada, yana bi, har ya daina bi. Baffa ne ya shafe masa ido.

Na yi kuka, amma in faɗi gaskiya, ban taɓa yin kuka da zuciya a sake kamar na ranar ba. Abin da na shekara tara ina tsoro bai faru ba.

Ranar sadakar uku, Baffa ya shigo cikin gida yi wa mata gaisuwa. Ya tsuguna a gefen tabarmar Inna, aka yi addu'a aka shafa. Goggo, da muryarta ta dushe don kuka, ta fara.

"Wallahi ba a taɓa yin mutum irin Yaya ba. Daga nan har Katsina, har Maraɗi, har inda ƙasa ta ƙare, babu mai gaskiyarsa, babu mai kirkinsa, babu..."

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba. Na ce, "Goggo, a ɗebe ɗari biyu da saba'in da uku."

Tsakar gida ta ɗauki dariya, irin wadda ake yi ana share ido. Har Inna sai da ta rufe baki da mayafi. Baffa kaɗai bai yi ba. Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya dube ni.

"A'a, Uwata," ya ce. "Wannan a bar shi yadda ta faɗa. Kada a ɗebe komai."

Ban ɗebe ba. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa.